An Ɗora Bindigar Kakanmu A Kan Sikeli

Rubutun nan yana da tsawo, wanda ke sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Amma duk wanda ya fito daga yankinmu na Batsari da Safana, ko yake da tsoho a can, don Allah ya daure ya kai ƙarshe kafin ya fara zagina.

Makon jiya na je gida gaisuwa. Baffana yana zaune cikin garin Batsari a ɗaki biyu na haya, tun harin da aka kai Yasore a 2021, lokacin da aka yanke layukan waya, aka kashe mutane aka ƙona gidaje ba wanda ya iya kiran wani. A ranar da suka fito bai ɗauko katifa ba, bai ɗauko rediyo ba. Abin da ya ɗauko shi ne Alƙur'anin mahaifinsa da wata tsohuwar adaka, ya naɗe ta cikin tabarma. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san bindigar nan. Doguwa ce, in aka tsayar da ita tana kai wa babban mutum kafaɗa. An ɗaure ƙotarta da jar fata, akwai layu biyu a jiki, a gefen kunamar kuma akwai wani ɗan tambari mai kama da hular sarauta da wasu haruffan boko da suka fara shafewa. Tsofaffi suna cewa kakan mahaifinsa ne ya zo da ita daga fatauci ta hanyar Nufe. Tun kafin a haife ni ba a ƙara harba ta ba, kunamar ma ta ci tsatsa ta ƙage.

Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, ina adakar Kaka? Ina so in ɗauki hotonta."

Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "Ɗana, ta tafi."

Ashe watannin baya an yi wani bincike a unguwarsu, aka samu irinta a ɗakin wani maƙwabcinsu, shi ma ɗan gudun hijira. Aka tafi da mutumin, sai da ya kwana huɗu aka haɗa kuɗi kafin ya dawo. Daren da ya dawo Baffa bai yi barci ba. Da asuba ya ɓalle ƙotar ya sa a murhu, ya kai bututun wurin maƙeri aka datse shi gida uku don kada a gane mene ne, ya miƙa wa ɗan gwangwan. Aka ɗora a sikeli. Kuɗin bai kai na tiya biyu ta gero ba.

Ban ga laifin Baffa ba, wallahi. Mutumin da aka raba da gonarsa, yake ciyar da mutum goma sha ɗaya, ba ni da bakin da zan ce masa ya kwana a hannun hukuma saboda tarihi. Laifin namu ne, mu da muka yi boko, muke da waya a hannu, muke iya shiga ofis mu yi magana, amma ba mu taɓa yi wa irin wannan kaya wurin zuwa ba sai murhu da sikeli.

Abin da ya ƙara min baƙin ciki, ina dawowa Katsina da dare ina duba waya, sai ga bidiyon wani dattijo Ba'amurke. Ya sa farar safar hannu, ya shimfiɗa ƙyalle a tebur, ya ɗauko bindiga kamar yana ɗaukar jariri. Na dube ta da kyau. Jama'a, 'yar'uwar adakar Kaka ce! Ta baki ake ɗura mata albarushi, kunamarta tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara, in aka ja sai dutsen ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, ta tashi. Daidai da yadda kakanninmu ke ƙyasta wuta da ƙyastu.

Su can wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma ilimi ne. Akwai mutanen da duk rayuwarsu ba abin da suke tarawa sai tsofaffin bindigogin sojan Amurka masu ƙanƙara. Sun san ta 1795, wadda ita ce ta farko da gwamnatinsu ta ƙera a masana'antar Springfield, aka kwaikwayi ta Faransa mai suna Charleville. Sun san ta 1803 da aka yi a Harpers Ferry, wadda aka yi wa cikin bututunta zane mai murɗewa don harsashi ya tafi saiti. Sun san ta 1819 ta wani maƙeri mai suna John Hall, wadda ake ɗura ta ta baya, aka kuma yi sassanta iri ɗaya yadda za ka cire na wannan ka sa wa waccan. Mutum zai dubi tambarin da ke jikin ƙota ya gaya maka sunan jami'in da ya duba ta kafin ta bar masana'anta. Akwai littattafai a kai, akwai kamfanonin gwanjo da ke cin abinci da wannan kawai. Dokar tarayyarsu ta 1968 ma ta ware duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, ta sa ta a sahun kayan tarihi. Masana'antar Springfield ɗin an rufe ta a 1968, yanzu gidan tarihi ce, 'yan makaranta ke zuwa kallo.

Amurka fa a 1776 ta ayyana 'yancinta. Hasumiyar Gobarau ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Amma su sun san sunan wanda ya buga tambari a bindigarsu, mu kuma ba mu san ko sunan maƙerin da ya gyara ta kakanmu ba.

Na san abin da wani zai ce: ai mu ba mu da tarihin bindiga, mu mutanen takobi ne da mashi da kwari da baka. Wannan rabin gaskiya ce. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yake da rundunar masu bindiga, har da Turkawa masu koyarwa. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari aka fara kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ku duba shekarar da kyau. Lokacin da Amurkawa ke shelar 'yanci, Sarkin Kano yana da 'yan bindigarsa. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har igwa ake zubawa a Zinder. Rabe da ya ci Barno a 1893, da ƙarfin bindiga ya ci ta.

Mu kuma nan ƙasar Ruma, kan iyaka muke tun fil azal. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai hari ana ramawa, kuma ta dajin nan namu ake ratsawa. Garuruwa sun tashi, wasu sun zama kufai, daji ya cinye su. Shi ya sa ƙasarmu ta yi suna da mafarauta da 'yan tauri da jarumai irin su Ɗanwaire da har yau ake ba da labarinsa. Wanda ya ce wa mutumin Ruma ba shi da tarihin makami bai san inda yake tsaye ba.

Ita kanta adakar tana ɗauke da labarin duniya a jikinta. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Gana, inda suke da ganuwa a Ankara har suka sayar wa Ingila a 1850. Daga baya yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera ta musamman don kasuwar Afirka. Da ita aka sayi bayi, da ita aka kama su. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka yi yarjejeniya cewa kada a sayar wa mafi yawan Afirka bindigar zamani, amma suka bar ƙofa ga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ma'ana, a ba mu wadda ake ɗurawa da sanda, su riƙe mai aman wuta. Shekara goma sha uku bayan nan, a 1903, aka ga amfanin wannan dabara a Kano, aka gani a Sakkwato, aka gani a Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Duk wannan karatun yana cikin ƙarfen da Baffa ya sayar a kilo. Malamin tarihi ɗaya mai kishi zai iya riƙe wannan bindigar a gaban aji ya koyar da zango guda bai buɗe littafi ba.

Ku dubi ma abin da ya sami kalmar kanta. Da muna yara, in aka ce 'yan bindiga, murna muke yi. Su ne mutanen nan da ke gaban sarki ranar hawan sallah, su cika adaka da albarushi su saki, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta rawa, mata su rangaɗa guɗa. Gidan 'yan bindiga gida ne mai sarauta da gado. Yau ka ce wa yaron Batsari ɗan shekara goma "ga 'yan bindiga nan", ka ga yadda zai runtuma. An sace mana shanu, an sace mana mutane, har kalmar ma an sace. Idan muka bari tsofaffin bindigogin suka ƙare a sikeli, nan da shekara talatin ba mai yarda cewa kalmar ta taɓa nufin wani abu ban da ɓarawon daji.

Yanzu bari in zo kan inda raina ya fi ɓaci. Sau nawa kuka ga an jera "makaman da aka ƙwato" a gaban 'yan jarida, ku duba da kyau ku ga rabinsu adaka ce, wata an ɗaure ta da roba, wata ko kunama babu? Wadda sojan da ya ƙware yake harbawa sau uku a minti ɗaya, in ruwan sama bai jiƙa albarushin ba. Ba don wasa Bahaushe ya sa mata suna harba-ka-ruga ba. Shi kuwa wanda ya hana mu noma yana saɓe da AK-47 mai cin harsashi talatin a zubi ɗaya, wani ma da wadda ake kafawa a bayan mota. Ba da adaka aka kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020 ba. Ba da adaka aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar Ƙanƙara a Disamban wannan shekarar ba. Mun ga hotunan tarukan sulhu, mun ga mutane sun zo zaman sulhu da jigidar harsashi a wuya, an gaisa, an ɗauki hoto, sun koma da kayansu. Sai tsoho mai ƙarfen da ya ƙage shi ne zai kwana huɗu a tsare. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma talaka ya rasa wadda zai kama. A 2021 gwamnan jiha na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. Ita kuma dokar makamai ta 1959 tana nan, ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi da aka haramta, na ƙashin kai masu buƙatar lasisin Sufeto Janar, sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, inda ta ambaci adaka da mai ƙanƙara da sunansu, ta bar lamarinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato ita dokar ta san akwai bambanci. To mutum nawa ne a Yasore ko Ruma ko Runka aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani da Hausa? Wane tebur ne a sakatariyar ƙaramar hukuma aka rubuta a kansa cewa mai tsohuwar bindigar gado ya zo nan? Babu. Shi ya sa tsoro ya zama doka.

Akwai kuma wasu da ke cin ribar wannan tsoro. Su ne masu yawo ƙauye-ƙauye da sansanin 'yan gudun hijira suna tambayar tsohon takobi, tsohuwar sulke, tsohon littafi, tsohuwar bindiga. Ɗan gwangwan ko banza bai san abin da ya saya ba. Waɗannan kuwa sun sani sarai. Su ba tsoho abin cefanen kwana biyu, kayan su bi ta Kano ko Maraɗi, daga nan sai dai ka gan su a intanet an rubuta "Afirka ta Yamma, ƙarni na 19", babu sunan gari, babu sunan mai shi. Alhali dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Muna ta tafi da Jamus ta fara dawo da tagullar Benin a 2022, kayan da aka wawashe tun 1897. Madalla. Amma wane irin hankali ne mu yi ta kukan abin da aka ƙwace sama da shekara ɗari da ashirin da suka wuce, muna kallon na yau yana fita ta ƙofar gida a kan kuɗin cefane?

To, na san sharhin da za su biyo baya, bari in amsa tun yanzu.

Na farko zai ce, "Malam, ana kashe mu kana zancen gidan tarihi?" Ɗan'uwa, ni ma an kashe nawa. Ban ce a ɗauki kuɗin tsaro a gina gidan kallo ba. Abin da nake nema bai fi littafin rajista da biro da waya mai kyamara ba. Kuma ka tuna, wanda ya ƙona ƙauyenka ba rumbu kawai ya ƙona ba. Yana so a wayi gari a ce ba a taɓa yin gari a wurin ba. Yaron da aka haifa a ɗakin haya a Batsari ko a Katsina, bai taɓa ganin gonar ubansa ba, me za ka nuna masa ya yarda cewa shi ɗan wani wuri ne? Wuta ta ci rumbu, mu kuma mu ƙarasa abin da ya tsira da hannunmu? Wannan taya ɓarawo aiki ne.

Na biyu zai ce ina so a cika gari da bindiga. A'a. Ka sake karantawa. Cewa nake a fitar da tsohuwar daga ƙarƙashin gado a kai ta inda za a rubuta ta a kulle. Yanzu da ake ɓoyewa, wa ya san adadinsu? Tsarin da nake nema ma shi ne zai rage bindigar da ba a san da ita ba.

Na uku zai ce Amurka ba abar koyi ba ce a zancen bindiga. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ƙasar da ake shiga makarantar firamare a harbe yara, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Ban ce mu kwaikwayi yadda suke sayar da bindiga kamar burodi ba. Abu ɗaya na ce mu ɗauka, shi ne sun iya bambance makami da kayan tarihi. In kuma Amurka ce ba ku so, ku dubi Maroko, ƙasar Musulmi, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki bindigogin albarushi lokaci guda, har UNESCO ta sa wasan cikin gadon duniya a 2021. Hawan sallar Kano ma ya shiga wannan jerin a 2024, da 'yan bindigarsa da komai. Ko nan cikin gida, ku je Umuahia ku ga gidan tarihin yaƙi, inda aka ajiye makaman da aka ƙera a Biyafara lokacin yaƙin basasa. Mutanen da aka ci da yaƙi sun adana nasu. Mu me ya same mu?

Na huɗu, kuma wannan shi ne mai nauyi, zai ce da irin wannan bindigar 'yan sa-kai suka yi ɓarna. Gaskiya ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An tare Fulani a kasuwa da kan hanya an kashe ba shari'a, da yawansu ba su san hawa ba su san sauka ba, kuma wannan yana cikin abin da ya hura wutar da ke cin mu. Ban zo wanke kowa ba. Wanda ya kashe rai da adaka a hukunta shi kamar wanda ya kashe da AK. Amma gidan tarihi ba gidan yabo ba ne. Adakar ma ai na faɗa da ita aka kama bayi. Ana ajiye abu don a tuna alherinsa da sharrinsa duka. Kuma rugagen Fulani ma akwai kayan gado da suka ƙone ko suka salwanta, takubba da kwari da ƙoren kakanni, su ma tarihin ƙasar nan ne, su ma a rubuta su.

Na biyar zai ce yawancin adakar da ke ƙauye ba tsohuwa ba ce, maƙera ne ke yin ta yanzu da bututun ruwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa ake buƙatar mai ido. A cikin ɗari wataƙila kaɗan ne za su zama na da. Akwai alamu. Ta da ɗin kunamarta tana da baki kamar na awartaki inda ake maƙala dutse, ko da yake da yawa an juya su daga baya zuwa masu 'yar hular tagulla. A gindin bututun akan sami ƙananan tambura na gwaji. In ka ga haruffan ELG cikin ɗan da'ira mai siffar ƙwai, daga Liège ta fito. In ka ga hular sarauta da kalmar TOWER, ko dai ta Ingila ce ko an kwaikwayi ta Ingila don ta yi kasuwa. Ta Kaka tana da hular, haruffan ne ban taɓa tsayawa na karanta ba, ina cewa gobe, gobe. Yanzu goben ta zo, ƙarfen yana cikin tirela ya nufi kamfanin narka rodi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa.

Iyayenmu sarakuna, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da dagatai da masu unguwanni, su ne mutane suka yarda da su. A buɗe littafi a fadar hakimi, da sanin 'yan sanda, a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni cewa duk mai bindigar gado ya kawo a rubuta ba tare da an kama shi ba. A ɗauki hoto, a rubuta sunan gidan da garin asali, a naɗi muryar tsohon yana ba da labarinta. Wanda ya yarda ya bar ta ajiya a ba shi takardar shaida cewa amana ce, ta gidansu ce, ba kyauta ya ba gwamnati ba.

Muna da gidan tarihi na ƙasa a Katsina, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, muna da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Su ware ɗaki ɗaya kacal don kayan garuruwan da aka tasa. Cibiyar da ke kula da ƙananan makamai ta ƙasa kuma, da duk wata hukuma da ke lalata makaman da aka kama, kafin a sa wuta a kira ma'aikacin gidan tarihi ya duba. Aikin yini ɗaya ne. A ƙona dubu, a tsame biyar.

Sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ga aikin bincike a ƙofar gidanku. Maimakon ɗalibi ya kwafo kundin da aka rubuta sau hamsin, a tura shi wurin 'yan gudun hijira da waya, ya zauna da tsofaffin mafarauta da maƙera. Mutanen nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hawan jini da baƙin ciki na ɗauke su, kowane ya tafi da abin da ke kansa.

Har na yanzu ma a ajiye. Wadda maƙerin ƙauye ya ƙera da bututun ruwa a 2020 don mutane su tare bakin gari, da AK ɗin da aka karɓa a wurin sulhu, a kashe bakinsu a jera su gefe da gefe. Wata rana, in Allah Ya kawo zaman lafiya, jikokinmu za su tsaya gabansu su ga da me aka zo mana, da me kuma iyayensu suka tsaya. Ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai irinta a gidanku, ga shawara. Kada ka gwada harba ta, tsohon bututu yana fashewa a hannu. Kada ka leƙa bakinta ko ka kai ta kusa da wuta, don akan sami wadda aka ɗura tun zamanin kaka aka manta, kuma albarushi ba ya tsufa yadda kake zato. Kada ka goge ta da yashi ko ka yi mata fenti, tambarin da za ka kankare shi ne takardar haihuwarta. Kada ka saka hotonta a nan Facebook da sunan gidanku, ka san halin da ake ciki. Ka ɗauki hoton ka adana, ka zauna da tsohon gidan ka tambaye shi wa ya kawo ta, daga ina, wa ya gaje ta, wace farauta ta je, wane hawan salla ta yi. Ka yi yau. Ni na ce gobe.

Da zan taho, Baffa ya rako ni bakin hanya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu ƙunshe a leda ya ba ni. Dutsen ƙanƙarar ne, ɗan ƙarami, bai fi kan babban yatsa ba, gefensa duk ya ci saboda duka. Ya ce, "Wannan ɗan gwangwan ya ce ba ƙarfe ba ne, ba ya saye." Yana nan cikin aljihuna ina wannan rubutu.

Wanda ke da hanyar isar da wannan magana ga fadar hakimi ko hukumar tarihi, don Allah ya isar. Wanda ke ganin na yi kuskure kuma ya faɗa, filin a buɗe yake, amma a kawo hujja, a bar zagin iyaye.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mai da kowa garinsu lafiya. Amin.